Jan Marfi a Ƙarƙashin Yashi

Yayata,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da marasa lafiyarki da duk mutanen sansanin. Ya zafi, ya kuma haƙorin nan naki mai naci? Mu nan lafiya lau, sai kewarki. Tsigi tana ci tana sha, 'yar murar da kika tafi kika bar ta da ita ta warke. Ta ƙara tsawo ma, ko da yake har gobe ita ce 'yar mitsitsiyar ajinmu.

Direban motar kayan abincinku ya ce in riƙa ajiye masa takarda a shagon mai faci kafin ya tashi, tunda can wajenku waya ba ta shiga. To ga tawa, saura taki. Ranar da kika kawo min yarinyar nan, maƙwabciyata ta tambaye ni yadda muke da ke. Na ce kakata da kakarki ciki ɗaya suka fito, ta taɓe baki ta ce wannan zumuncin ai ya yi nisa da za a bar wa mutum 'ya. Baffanta ma ya aiko yana tambaya, na ce a gaya masa lafiya take. Na san har yanzu yana jin haushin ba gidansa kika kai ta ba, shi da yake ƙanin marigayi mijinki. Ni dai bakin ƙoƙarina nake yi.

Makon nan a ajinmu na ƙananan yara darasin iska muke yi, kuma kaina ya kusa rabewa biyu. Na tambaye su wa ya taɓa ganin iska da idonsa. Wani yaro da muke kira Sarkin Surutu ya rantse ya gan ta, wai ita ta sace hular babansa a bakin titi. Mun ɗaura ƙyallaye a taga muna kallon inda suke kaɗawa. Mun jiƙa yatsa da ruwa mun ɗaga sama don mu ji ta inda sanyi yake bugowa. Jiya kuma muka yanka takarda muka yi 'yan fankoki a kan tsinke. Yaya, da kin ga 'yarki! Kumatu ta cika ta hura, fankarta ta riƙa juyawa har ba a ganin launinta. Duk ajin babu mai huhunta, yanzu ita suke kira Iska.

Kullum tambayarta ɗaya, wai wace irin iska ce a wajen Umma. Na ce mata mai ɗaukar yashi ce, ta ce ƙarya ne, yashi ya fi ƙarfin iska. Shi ya sa na yanke mako mai zuwa za mu yi guguwar yashi a cikin faranti, su gani da idonsu. Ki rubuto min yadda take a zahiri, kada in koya musu shirme.

Zakaran nan da kika hura mata da safar hannunku ta asibiti ya sace tuni, ya yi yaushi, amma ba ta kwanciya sai da shi a ƙarƙashin matashi.

Ƙanwarki,
Malama

*

Malama,

Wa alaikumus salam. Na samu takardarki, na gode Allah da kuke lafiya. Ni ma lafiya, haƙori dai yana nan, kanumfari nake ta tauna kamar kullum. Ki gaya wa Tsigi har yanzu bakin Umma yaji yake, ba ta tsira ba, in na dawo sai na sumbace ta.

Aiki a nan ba wuya, yawanci yanka ne da ƙuna da ciwon ido. Masu shimfiɗa bututun ruwan nan ba sa jin magana, ka ba mutum tabarau ya rataya a wuya. Ɗakin shan maganin akwatin ƙarfe ne mai taga ɗaya, a nan nake aiki, a nan nake kwana.

Kin tambayi guguwa. Da farko iska takan ɗauke cak, sai ki hango wani jan abu ya taso daga ƙasa har sama kamar katanga. Kafin ki kwashe shanya ya iso. Rana takan ɓace, yashi ya shiga ko'ina, har cikin tulun ruwa mai marfi. Mukan jiƙa ƙyalle mu rufe hanci, mu toshe ƙasan ƙofa, mu zauna. Shi ke nan, jira ne kawai. Waɗanda suka daɗe a nan sun ce lokacinta ne muke shiga.

Ki kula da idanun yaran nan. Ki tankaɗe yashin, ki wanke shi, ya bushe, kada ki kunna musu fanka a kai. Kada kuma ki bar tawa ta matsa kusa, kin san ƙirjin gidansu ba ƙwari gare shi ba, shi ya ɗauke ubanta. Maganar maƙwabciyarki kuwa, ki bar ta da bakinta. Na san hannun da na ba wa 'yata.

Yayarki

*

Yayata,

Sallama da gaisuwa, da fatan haƙori ya lafa. Muna lafiya. Na karanta wa Tsigi takardarki har sai da ta haddace wajen bakin yaji, tana ta ƙyalƙyala dariya tana toshe hanci.

Mun yi guguwar, kuma na bi umarnin likita sau da ƙafa. Na tankaɗe yashi na wanke, na zuba a babban faranti, na kewaye shi da kwali ta gefe uku. Kowane yaro na ɗaura masa tabarau na roba. Fanka kuwa ko kusa, tsinken zuƙar lemo na ba su, mai hurawa ya tsaya ta buɗaɗɗen gefen, sauran su tsaya a bayansa. Muka jera kwalayen ashana a matsayin gidaje. Sai Sarkin Surutu ya ce gari ba mutane ai ba gari ba ne. Na ga gaskiyarsa, na zazzago musu murafen kwalba da muke ƙirga da su, na ce kowa ya ɗauki ɗaya ya sa masa sunan wani nasa. Wannan ya ce kakarsa, wancan ya ce akuyarsu. Tsigi ta zaɓi wani ja, ta ce Umma ce, ta ajiye ki a bayan kwalin ashana, wai ɗakinki na ƙarfe.

Abin da nake so su gane shi ne yashi yakan taru a bayan abin da ya tare iska, kuma in aka kafa shinge, na kawo guntayen tsintsiya da tsohon mataji don haka, sai ya rage. Yaran farko suka hura, yashi ya ɗan gangara, ba wani abin kirki. Sai ajin ya ɗauki ihu, a ba Iska, a ba Iska. 'Yarki ta gyara tsayuwa ta cika kumatu. Hurawa ɗaya mai tsawo, tudun da ke gabanta ya tashi ya haye kwalin, ya sauka a kanki. Ko gefen marfin ba a gani. Yara suka yi ta tafi, Sarkin Surutu yana tsalle yana cewa an binne Umman Tsigi. Ni ma, Allah ya gani, dariya na yi, na ce kun gani ko, iska ta fi ƙarfin yashi.

Ba mu kai ga shingen ba aka kaɗa ƙararrawa. Na ɗauke farantin na ɗora a kan kabad don kada su watsa, muka shiga neman takalma da jakunkuna. A hanya Tsigi ba ta yi surutunta na kullum ba, na ɗauka gajiya ce.

Na je shagon mai faci, ya ce direba bai shigo ba wannan makon. Na bar wannan a wajensa. Tsigi ta raka ni, ta ji abin da ya ce.

Ƙanwarki

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Lafiyarki ƙalau kuwa? Mako na biyu ke nan babu mota, babu takarda. Mai faci ya ce ya ji ana cewa hanya ta rufe, amma bai san komai ba, shi ma jita-jita ce. Hankalina ba a kwance yake ba, don haka ki yi haƙuri da rubutun nan.

Ba na so in tayar miki da hankali, amma ba zan ɓoye miki ba. Tun ranar farantin nan Tsigi ba ta numfashi yadda ya kamata. Sama-sama take ja, a hankali, kamar mai tsoron a ji ta. Wani lokaci sai in ga ta riƙe shi gaba ɗaya har fuskarta ta canza, sai na girgiza ta sannan ta sake shi cikin tafin hannunta. Magana sai raɗa, hannu a kan baki. Shayi in da zafi ba ta hurawa, sai ta zauna ta sa shi a gaba har ya huce. Abinci ma sai na yi da gaske. Ba zazzaɓi, ba tari. 'Yar fankarta ta takarda ta ba wata yarinya kyauta. A aji ba ta wasa, tana zaune wuri ɗaya ta ɗaga kai tana kallon bango.

Kullum da muka taso sai ta ja ni ta shagon mai faci. Shekaranjiya na kasa jure ganin fuskarta, sai na yi wata dabara da ta zame min wauta. Na ɗauko takardarki ta farko na sa a sabon ambulan, na ce ga saƙon Umma ya iso. Na karanta ina canza wasu wurare. Ta saurara, sannan ta karɓi takardar ta juya bayanta, ta nuna min ɗigon shayin da ita da kanta ta ɗiga a kai wancan makon. Ba ta yi kuka ba. Ta miƙo min abata ta je ta kwanta ta juya wa ɗaki baya. Da ta yi kukan ma da ya fi min sauƙi.

Don Allah ko layi ɗaya ne ki aiko, ko ta hannun wa.

Ƙanwarki

*

Malama,

Ina lafiya. Guguwa ce ta taso ta yi kwanaki, yashi ya hau hanya, sai da aka kawo motar ture ƙasa. Ba wanda ya mutu. Takardunki biyu yau suka iso tare, na karanta su a tsaye, kuma har yanzu ban zauna ba.

Me na ce miki? Na ce kada ki bar ta ta matsa kusa. Da bakina na gaya miki ƙirjin gidansu. Sai kika ɗauki tsinke kika sa mata a baki, kika tsayar da ita a kan yashi, ita ce ma gwanar da ake yi wa tafi. Yaro in ya hura, me yake yi kafin ya sake hurawa? Zuƙa yake yi. Tabarau kika ɗaura mata, hancin fa? Yanzu kina rubuto min ba ta numfashi sosai, fuskarta tana canzawa, mako biyu, kina zaune kina yi mata wasan ambulan. Ni da nake ganin ƙartin maza a nan suna tarin yashi, kin san abin da na gani a idona da na karanta layin nan? Ubanta na gani, a gadon asibiti.

Ki ajiye duk abin da kike yi ki kai ta asibiti. A saurari ƙirjinta, a ɗauki hoto. In suka ce ba sai an ɗauka ba, ki ce uwarta nas ce, ta ce a ɗauka. Ki duba leɓɓanta da faratanta ko sun yi duhu. Kada ta sake shiga ajin nan.

Na ba direba wata takardar zuwa ga baffanta. Na ce ya zo ya ɗauke ta in an gama da asibiti, ta zauna a wajensu har in dawo. Ki haɗa mata kayanta. Ban ce kin yi da gangan ba, amma amana na ba ki, kuma a nan ba ni da abin da zan iya sai wannan.

Tsigi, Umma tana lafiya, tana gaishe ki.

Yayarki

*

Yaya,

Alhamdu lillahi da kike raye. Da mai faci ya miƙo min ambulan, a kan tsohuwar taya na zauna na buɗe. Faɗan da kika yi min na karɓa. Amma ki karanta wannan har ƙarshe, a zaune.

Na kai ta asibiti a ranar. An saurara, an ɗauki hoton, ga shi nan na haɗo miki ki duba da idonki. Ƙirjinta fes. Likitar ta ɗaga 'yar takarda a gaban bakinta ta ce ta hura. Tsigi ta datse leɓe, ta sa hannu biyu ta rufe, hawaye na zuba. Likitar ta kalle ni ta ce wannan ba ciwon huhu ba ne, in je in binciki abin da yarinyar take tsoro.

Na saɓa miki a abu ɗaya, na koma da ita ajin, bayan an tashi, mu biyu kawai. Na zauna a 'yar kujerarta na kalli inda take kallo kullum. Ba bango ba ne, Yaya, saman kabad ne. Farantin yana nan yadda na ɗora shi, na manta da shi sam. Na sauko da shi, na sa yatsa na tono jan marfin, na busa masa iska na goge, na ce ga Umma nan, ba abin da ya same ta. Ta ja da baya har ta bugi allo. Cikin raɗa ta ce:

“Wanda aka rufe da ƙasa ba ya dawowa. Baba ma bai dawo ba. Ni na hura.”

Ashe tun ranar nan, da ta ji mai faci ya ce mota ba ta zo ba, ta gama haɗa lissafinta. Numfashin da take riƙewa, tsoro take kada ta ƙara miki yashi, ko ta binne wani.

Na karanta mata takardarki, layin ƙarshe kawai, sauran ba na kunnenta ba ne. Ta ce ni na rubuta. Na nuna mata rubutun ba irin nawa ba ne, ta ce wancan karon ma na ce sabuwa ce. Da hannuna na kashe wannan hanyar. Na kai ta wajen direba ya rantse mata ya gan ki da idonsa, ta ce ni na ce ya faɗa. Washegari na sake kai ta, na jera yara a ƙarshen aji, na rataya ƙyalle a ɗaya ƙarshen, suka haɗu suka hura har suka ga jiri, ƙyalle bai motsa ba. Na ce kin gani, iskar baki ko aji ba ta ƙetarewa, balle ta kai wajen Umma. Ta ce ai su ba Iska ba ne.

Baffanta ya zo, ya tsaya a ƙofa yana ta faɗa, maƙwabciyata tana leƙe. Ya ce ranar Juma'a zai dawo da mota. Kayanta suna ɗaure. 'Yarki ce, sai yadda kika ce. Amma a gidan nan nasa mai cike da mutane, wa zai lura yarinya tana riƙe numfashi? Za su ce ta yi hankali, ta daina surutu. Ta rame, Yaya, wuyan rigarta har zamewa yake. Ni dabarata ta ƙare. Ki nemo abin da ba zan iya ƙirƙira ba, abin da za ta san daga wajenki kaɗai zai fito.

Ƙanwarki

*

Ƙanwata,

Na zauna na karanta, kamar yadda kika ce. Na duba hoton a hasken taga, ƙirjin lafiya lau. Ni nas ce, ina ganin kalmar numfashi sai na tafi huhu, ban tsaya na tambayi me ya sa ba. Maganganun da na faɗa miki za mu yi su in na dawo, yanzu ba lokaci, direba yana ɗaure kaya.

Ga kwalin magani nan. Kada ki girgiza shi, kada ki bar shi a rana. Na sa direba ya rantse a gaba zai ajiye shi, kusa da shi. A ciki akwai zakara. Sabuwar safa na ɗauka, na tauna kanumfari har sai da harshena ya mutu, sannan na hura. Ban cika shi tam ba don kada zafin hanya ya fasa shi. Idon da na zana masa irin wanda nake yi mata ne, mai gashin ido uku, ta san shi. Ban ƙulla bakin ba, da zare na ɗaure, ki ja gefe ɗaya zai kwance.

Kada ki yi mata dogon bayani, ke da bakinki na malamai. Ki ba ta ta riƙe. Ki tambaye ta abu ɗaya, ko wanda ke ƙarƙashin ƙasa yana iya hura zakara. Sannan ki kwance zaren a gaban hancinta. Sau ɗaya ne kawai, in iskar ta fita ta fita, don haka ki rufe taga, ki kashe fanka.

Akwai safa ta biyu a ƙasan kwalin, ba a hura ba. Kada ki ce mata komai a kanta, ki bar ta inda za ta gani.

Na rubuta wa baffanta ya dakata mako ɗaya. In wannan bai yi ba, zan ajiye aikin in biyo mota ta gaba, su nemi wata nas.

Yayarki

*

Yayata,

Gaisuwa da fatan alheri. Bari in tafi kai tsaye, na san ba za ki karanta gaisuwar ba.

Kwalin ya iso da rana. Da na buɗe gabana ya faɗi, zakaran ya rage, zankonsa ya kwanta gefe ɗaya, amma da sauran iska a cikinsa. Na rufe taga, na kashe fanka, har ƙasan ƙofa na toshe da tsumma kamar yadda kuke yi. Na zaunar da ita a kan tabarma na sa mata shi a cinya. Ta daɗe tana kallon idon. Ta ƙirga gashin da yatsa. Sai ta ɗago ta dube ni irin kallon nan na ba za ki sake yaudarata ba, ta ce min ai ke ma kin iya zane.

Na yi tambayar da kika ce. Na kama zaren, ya ƙi kwancewa, ya cije. Na sa haƙori, ina tsoron in huda robar. Ita kuma ta riga ta datse numfashinta, ta runtse ido, na ga in na saki iskar a haka za ta wuce a banza. Sai na matse bakin safar da yatsu na jira. Na jira har fuskarta ta fara canzawa, ina ta addu'a a zuci. Da ta kasa, ta buɗe baki ta ja iska da ƙarfi, sai na saki.

Ni kaina na ji shi, warin roba da kanumfari a tare. Ta buɗe ido. Ta matso da hancinta cikin safar tana shinshina, ta matse sauran da hannunta. Sannan ta ce, ba da raɗa ba, da muryarta ta da:

“Yaji.”

Sai kuka. Yaya, ban taɓa jin daɗin kukan yaro ba sai ranar nan. Ta wage baki ta yi shi da dukkan ƙirjinta, har maƙwabciyata ta bugo ƙofa tana tambaya ko dukanta nake yi. Na ce mata lafiya lau, ta koma. Da ta gama ta sha shayi, ta ci burodi, ta yi barci da safar a hannu.

Ba zan ce miki ta warke sarai ba. Har yanzu takan rufe baki in za ta yi dariya. Amma jiya a aji mun ƙarasa darasin da ƙararrawa ta katse. Ita ta kafa shingen tsintsiya a gaban kwalin ashana, layi biyu, ta ƙara da mataji, sannan ta ajiye jan marfin. Sarkin Surutu ya hura har ya gaji, marfi yana nan a fili. Ita dai ba ta karɓi tsinken ba, ni kuma ban miƙa mata ba. Na daina sa wa murafe sunan mutane, yanzu duk awaki ne.

Safa ta biyu kwana biyu tana kan tebur. Yau da safe na fito daga wanka na same ta da ita a baki, ta juya wa taga baya. Robar ta yi mata tauri, yatsu biyu kawai suka miƙe. Ita ce a cikin kwalin nan, ni na ɗaure zaren. Ta ba ni saƙo, ta sa na maimaita don kada in canza: wai kafin ki buɗe, ki riƙe tebur da kyau.

Kayanta suna ɗaure har yanzu. In kwance?

Ƙanwarki

*

Ƙanwata,

Ina lafiya, haƙori ma ya yi sauƙi. Ki kwance kayan. Na rubuta wa baffanta na gode masa, na ce tana inda ya dace. Abin da na faɗa miki a kan amana, ki yafe min, tsoro ne ya yi magana.

Saƙo ya iso, yatsa ɗaya ya kwanta a hanya, ɗaya yana tsaye. Na kori wani mai ciwon ido na ce ya jira a waje, na rufe ƙofa. Sauran ki karanta mata yadda na rubuta, kada ki ƙara, kada ki rage.

Tsigi, na riƙe tebur da hannu ɗaya, da kyau, na kwance zaren da ɗaya. Iskarki ta fito ta taɓa min kumatu. Ƙamshin shayi da madara take yi. Ina nan zaune a kujerata, ko ɗankwalina bai goce ba. Ki huro min wata.

Umma